Sharar bakin teku: mu tafi James Town ko mu fara da gwatar ƙofar gida?

Ɗan Nima (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Sanarwa ce, amma ina neman shawara kafin mu tsayar da magana. Matasan layinmu za su shiga gayyar share bakin teku ranar Asabar ta uku a watan Satumba, ranar da ake wannan aiki a ƙasashe da yawa. Mun zaɓi wajen da ya tashi daga hasumiyar fitila ta James Town a nan Akra zuwa bakin tafkin Korle, inda yake amayar da ruwansa cikin teku. Tashi daga Nima bayan sallar asuba. Muna buƙatar safar hannu, manjagara, shebur, adda, da buhunan shinkafa da aka gama da su. Mai baro ya ba mu aro. Wanda zai je ya rubuta sunansa a ƙasa.

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, bara ni na kwashe ku a motata, ko sisi ban karɓa ba. Kun cika buhuna kun jera su kamar dalar gyaɗa, aka yi ta ɗaukar hoto. Motar da aka yi muku alkawarin za ta zo ta kwashe ba ta zo ba. Ranar Laraba na bi ta wajen da fasinja: rabin buhunan igiyar ruwa ta ja su, rabin kuma wani ya banka musu wuta. An yi ba a yi ba ke nan. Bana ku ƙyale ni da aikin baban giwa.

Ɗan Nima (mai kula da zaure):
Kawu, ba ka yi ƙarya ba. Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Ɗalibar Legon:
Barkanku da dare. Kawu, gaskiyarka a kan buhunan. Amma bari in faɗi abin da ya hana ni kiran aikin banza. Gayyar nan ta watan Satumba a jihar Texas ta Amurka ta fara a 1986, kuma ba tsintar shara kaɗai ake yi a cikinta ba, ana ƙirga abin da aka tsinta a rubuta. Kwalbar roba nawa, murfi nawa, ledar ruwa nawa. Da wannan lissafi ake tunkarar hukuma ko kamfani a ce ga kayanku nan mun gani. Mu bara tsinta kawai muka yi, ba mu rubuta komai ba, shi ya sa ba mu da abin nunawa sai hoto.

Sannan akwai abin da ya fi wannan. Duk wanda ya je ya san cewa sharar da ke bakin Korle ba daga cikin teku ta fito ba. Ruwan babbar gwatarmu ta Nima yana gangarawa ya haɗu da kogin Odaw a wajen shataletalen Circle, Odaw ya zuba a tafkin Korle, Korle ya zuba a teku, teku kuma ya tofo abin da bai so a kan yashi. Na tsinci ledar koko da hannuna a wajen, ɗaurin bakinta irin namu ne sak. Kayanmu ne muke binsa kilomita da dama mu je mu tsinto.

Kawu Direba:
To ai kin gama magana da kanki, 'yata. In kayanmu ne, me ya kai mu James Town? Ga gwata nan a ƙofar gida, ba sai an sha mai ba.

Hajiya Mai Waakye:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma tunda an taɓo gwata bari in yi magana, don mu mata ake nunawa da yatsa. Gaskiya ce, da hadari ya haɗo za ka ga an fito da bokitai ana jira. Ruwa na sauka, kowa ya juye a gwata. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Amma ku tambaya me ya sa. Lungunmu mota ba ta shiga. Sai mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, shi kuma kowane bokiti da kuɗinsa, kuma kullum ƙara wa yake yi, ya ce shi ma ana cajinsa a inda yake juyewa. Gida mai ɗaki goma sha biyu, kowane ɗaki da iyali, shara ta kwana biyu kaɗai ta isa ta hana ka numfashi. Matar da ke neman kuɗin makarantar yaro, ka ce ta zaɓa tsakanin kokon safe da kuɗin bola? Ruwan sama kyauta yake kwashewa. Ban ce daidai ba ne. Amma wanda zai yi mana wa'azi ya zo da kwantenar bola a bayansa.

Ɗan Nima (mai kula da zaure):
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wannan maganar ce ba a faɗa a taro.

Anti Nas:
Yaya Hajiya, na ji ki kuma na san halin da ake ciki, a lungu na girma. Sai dai ruwan sama ba kyauta yake kwashewa ba, bashi ne, kuma mun biya. Daren 3 ga Yuni 2015 nan Circle, ruwa ya cika, magudanai sun toshe, mutane suka fake a gidan mai, wuta ta tashi a kan ruwa. Sama da mutum 150 suka tafi a dare ɗaya. Shekarar da ta gabace ta kuma kwalara ce ta kwantar da dubban mutane a garin nan, ita ta sa gwamnati ta tsayar da ranar tsabta ta ƙasa, Asabar ta farko a kowane wata, daga Nuwamba 2014. Watannin farko kowa ya fita, har da manya da kyamara a bayansu. Daga baya sai abin ya yi sanyi kamar tuwon jiya.

Ni abin da ya shafe ni a tafiyar nan shi ne lafiyar yaran. Kada wanda ya zo da silifa. Bakin Korle akwai allurai da fasassun kwalabe a cikin yashi, ruwan wajen kuma ba na wanke fuska ba ne. Takalmi rufaffe, safar hannu mai kauri, ba irin ta asibiti da ke yagewa ba. Zan zo da akwatin magani. Wanda ƙusa ta soke shi, asibiti kai tsaye don allurar tetanus, ba toka da gishiri ba.

Bakano a Sabon Gari:
Ina gaisuwa daga Kano. Ni ɗan kallo ne a zauren nan, matata ce 'yar Mamobi. Mu da ba mu taɓa ganin teku ba sai a talabijin, ina ruwanmu da wannan muhawara? Tambaya ce ba gatse ba.

Ɗalibar Legon:
Surukinmu, ku Kano kun ɗan tsira daga teku: ruwanku ta kogin Haɗeja yake bi, ya nufi Yobe da tafkin Chadi. Amma Kaduna da Sakkwato da Yamai duk kogin Neja suke zuba wa, shi kuma teku ya nufa. Ko ba wannan ba, ledar da ke kashe kunkuru a teku ita ce ke kashe akuya a Kano. Ka tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbi.

Bakano a Sabon Gari:
Wannan kam na gani da idona a ragon layya. Na karɓi gyara.

Na Agege:
Ni ina ganin kun bar giwa kuna harbin inuwarta. Na ga hotunan bakin tekun Akra, abin da ya fi yawa tsumma ne. Gwanjon kasuwar Kantamanto ne. An ce kaya kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar duk mako, kashi 40 cikin ɗari kuma bola suke komawa. Ku je ku yi magana da 'yan gwanjo.

Mai Gwanjo a Kantamanto:
Malam na Agege, ga ɗan gwanjo nan a gabanka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan kashi 40 ɗin ƙungiyar Or Foundation ce ta fitar, ƙungiyar dillalanmu kuma ta ce bai wuce kashi 5 ba. Ni ban zo raba musu gardama ba, abin da hannuna ya taɓa zan faɗa. Dila a ɗaure muke sayenta, ba ka ganin cikinta sai ka biya ka yanke waya. Wata ka samu alheri. Wata ka buɗe ka ga rigunan sanyi masu nauyi da ba mai sawa a garin nan, ko rigar da ta sha mai, ko rigunan da aka buga wa sunan wani taron da aka gama tun shekara biyar. Wa zai saya? Ni na yi asara, sannan a ce ni na ɓata teku. Wanda ya ɗinka rigar da ba ta kai wata uku ba, da wanda ya ɗaure ta a dila a Ingila ko Chana ya turo mana, su fa?

Kuma mutane ba su san aikin da kasuwar nan ke yi ba. Teloli ne, da masu rini, da masu guga, suna mai da abin da Turai ta yar ya koma kayan sawa. Kimanin mutum 30,000 ke cin abinci a wajen. Watan Janairu 2025 wuta ta cinye yawancin kasuwar, da yawanmu har yau bashi muke biya.

Amma zan yarda da abu ɗaya. Abin da ya rage da yamma ana sharewa, kuma tun da bolar Kpone ta kama wuta a 2019 wajen zubarwa ya zama wahala. Wasu na ƙarewa a bakin Odaw wajen Old Fadama. Daga nan kun san hanya.

Na Agege:
Yi haƙuri ɗan'uwa, ba kai nake nufi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kowa da kasonsa.

Ɗan Nima (mai kula da zaure):
Kan batun tsumma, ga abin da ya sa na ce a zo da adda. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Igiyar ruwa tana murɗa kayan su sarƙe, wando da riga da ragar kamun kifi da leda, su zama wata igiya mai kauri kamar cinyar mutum, rabinta a binne cikin yashi. Bara mu takwas muka ja guda ɗaya ba ta motsa ba. Sai an tona, an sassare ta gunduwa-gunduwa. Guda ɗaya ta ci mana kusan awa biyu. Yawancin kayan kuma zaren roba ne, ba auduga ba, ba ruɓewa za su yi ba.

Ɗalibar Legon:
Ba sa ruɓewa, marmashewa suke yi. Rana da gishiri su mai da roba ƙananan ɓurɓushi, kifi ya haɗiye. An ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai tan miliyan 4.8 zuwa 12.7 na roba ya shiga tekunan duniya daga tudu. Shi ya sa ciro ta tun tana guda ɗaya a kan yashi yake da amfani, in ta marmashe babu manjagarar da za ta tsince ta.

Kawu, ga labari saboda kai. A Mumbai ta Indiya akwai bakin teku da ake kira Versova, shara har gwiwa. Wani lauya, Afroz Shah, ya fara sharewa a Oktoba 2015, shi da wani dattijo maƙwabcinsa su biyu rak. Mutane suka riƙa ƙaruwa. A makonni 85 an kwashe kimanin tan 5,000. A Maris 2018 aka ga 'ya'yan kunkurun teku sun ƙyanƙyashe a wajen suna rarrafe zuwa ruwa, abin da aka shekara wajen ashirin ba a gani ba.

Kawu Direba:
Makonni nawa kika ce? 85. Kowane ƙarshen mako yana can. Kuma hukumar birni tana ba shi motocin kwasa, ko ba haka ba? Ku kuma sau ɗaya a shekara, da sabuwar riga mai tambari. Labarin nan ni ya goya wa baya, 'yata, ba ke ba.

Ɗalibar Legon:
Kawu ka kama ni. Na miƙa wuya a wannan.

Malam Ƙarami:
Assalamu alaikum. Allah ya yi wa zaman nan albarka. Ba zan tsawaita ba. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, wannan kowa ya sani tun a makarantar allo. Kuma a suratur Rum an ambaci ɓarna da ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Abin da nake so in ce wa kanmu shi ne: ku dubi filin idi bayan an sallame. Ku dubi ƙofar gida bayan suna ko walima. Ledar ruwa kamar an yi ruwan ƙanƙara. Mutum ya yi alwala da fiya wata, ya yar da ledar a inda ya tsaya, ya shiga sahu. Tsabtar jiki muna da ita, ta hanya ce muka bar wa gwamnati. Zan yi magana da limaminmu ko za a taɓo batun a huɗubar Juma'ar da ke gaban ranar. Amma na ji abin da Hajiya ta faɗa, ba zan hau mumbari in zagi mata ba.

Hajiya Mai Waakye:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Tunda an zo nan, ni ma ga nawa tudun. Da muna yara a ganye ake zuba waakye, wato shinkafa da wake, har ƙamshi yake ƙara masa. Yanzu mutum ɗaya zai saye ni: leda ta shinkafa, leda ta miya, leda ta shito (yajin da ake soyawa da mai), sannan baƙar leda a haɗa su. Huɗu ke nan kan ciki ɗaya. Ganye yana nan a kasuwa amma ya fi leda tsada, kuma samari na cewa miya na zuba musu a motar haya ta trotro. Masu kuɗi ne yanzu ke neman na ganye, wai ya zama gayu. Duniya!

Na Agege:
Mu a Legas gwamnati ta hana farar robar nan ta zuba abinci tun Janairu 2024. An yi kuka sosai, masu abinci sun ce za a kashe musu sana'a, har yanzu ana samunta a ɓoye, amma gaskiya ta ragu a gwatocin unguwarmu. Ledar fiya wata dai tana nan daram. Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017. Doka ce ke aiki, ba tsintsiya ba.

Anti Nas:
Ledar ruwa ba za ta tafi da doka ba sai famfo ya zo da ruwan da za a sha hankali kwance. Ka hana ta yau, gobe asibiti ya cika.

Ɗan Aflao:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Kuna cewa kare gaɓar teku, mu a gabas ba shara ce babbar damuwarmu ba, tekun ne ke cin ƙasa. Garin Keta ya yi asarar unguwanni, ƙauyen Fuveme kusan duk ya tafi. Tun da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960 yashin da kogin Volta ke kawowa ya ragu, ga masu ɗibar yashin bakin teku suna sayar wa magina. An jibge duwatsu a Keta, sai ruwan ya koma yana cin na gaba. In kun je sharar ku lura, kada ku kwashe yashi a buhu tare da leda. Ku kakkaɓe.

Ɗan Nima (mai kula da zaure):
Wannan shawara ce mai kyau, ga shi buhun ma zai yi sauƙin ɗauka.

Baba Tsoho na Sabon Zango:
'Ya'yana, jikana ne ke rubuta mini. Mu Ankara muka taso muna kiran garin nan, kuma na san Korle tun ana kama kifi a cikinsa. Abu ɗaya zan ce. James Town garin mutane ne. 'Yan ƙabilar Ga ne ke da wajen, suna da sarkin masunta, suna da al'adarsu, ranar Talata ma ba sa shiga teku. Kada ku sauka daga mota da kyamara kamar kun zo gyara musu gida. Ku aika tun da wuri a gaishe su, a nemi izini, a tambaye su ina ya fi damunsu. Su ne ke jawo raga su tarar da leda ta fi kifi yawa. Kakanninmu da suka zauna a ƙasar nan da sallama suka zauna.

Ɗan Nima (mai kula da zaure):
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Bara ba mu yi haka ba, kuma na tuna irin kallon da suka yi mana. Ni da Malam Ƙarami za mu je ranar Talata, tunda ranar suna gida.

Mai Gwanjo a Kantamanto:
Buhuna ku bar mini. Akwai manyan ledojin da ake naɗe dila da su, sun fi buhun shinkafa ƙarfi. Zan kawo guda talatin, da yarana biyu.

Ɗalibar Legon:
To ga abin da na tsinta daga maganganunku. Mu rarraba tun a wajen: kwalaben roba da ledar ruwa gefe guda, don akwai masu saye a kilo, matan da ke tsinta a Circle sun san inda ake kaiwa. Har akwai masu narka leda su haɗa da yashi su yi bulon daɓe titi. Tsumma da sauran ne kaɗai za su jira mota. Ni zan riƙe littafin ƙirga. Kuɗin robar da aka sayar kuma, maimakon a sha lemo da su, a biya mai aboboya ya shiga lungun su Hajiya kyauta, ko na mako biyu ne, mu gani ko bokitan za su ragu ranar ruwa.

Hajiya Mai Waakye:
Mako biyu ba zai canza hali ba, 'yar nan, amma ku gwada. Zan tara matan gidanmu da na gidan da ke kallonmu. In kowane ɗaki zai riƙa ajiye ledar ruwa daban, mu da kanmu ma za mu iya sayarwa mu biya bola.

Kawu Direba:
Ga sharuɗɗana uku. Na ɗaya, ranar Juma'a bayan la'asar a fara da gwatar bayan tashar mota, abin da aka fitar kuma kada ya kwana a bakin gwata, don na sha ganin an tono an tara, ruwa ya zo ya mayar. Na biyu, ina son in ji muryar direban motar kwasa da kunnena kafin Asabar, ba alkawarin wani mai ofis ba. Na uku, a watan Oktoba a koma. In kun yarda, motata tana nan.

Ɗan Nima (mai kula da zaure):
Na farko da na biyu na ɗauka. Na uku sai na ji ta bakin matasa, wasu za su koma makaranta.

Kawu Direba:
To ka ji ka dawo mini. Kuma bana kuɗin mai a kanku yake.

Hajiya Mai Waakye:
Waakyen Asabar a kaina, na mutum arba'in. Kowa ya zo da kwanonsa, wanda ya zo hannu rabbana ya ci a murfin tukunya.

Bakano a Sabon Gari:
Hajiya, a ajiye wa matata nata, tana hanya ranar Alhamis. Ta ce a tambaye ki ko da taliya da ƙwai.